Minti Huɗu a Siton Zoɓo

Talata, 7 ga Mayu, bayan Azahar

Wannan littafin kiran sunan mata ne a siton zoɓo na Alhaji Yuguda. Jiya na tsinci kaina a waje riƙe da shi, ban san lokacin da na ɗauko shi ba. Tunda babu sauran sito, babu sunan da za a kira, na juya shi ta baya zan yi rubutu. Ni Barira, da aka ba shugabancin mata don kawai na yi ajin yaƙi da jahilci na iya riƙe biro, yau ga ranar da biron ya yi mini.

Mu talatin da ɗaya ne har da ni. Talatin muna gidajenmu. Zuliha, matar ɗana Ɗanliti, tana asibitin birni. Hayaƙi ya shiga ƙirjinta, an sa mata roba a hanci, ba ta buɗe ido ba.

Har yanzu garin nan warin zoɓo yake yi, mai tsami-tsami. Toka na ta sauka a gonakin da aka share ana jiran ruwa. Ban ci komai ba.

Laraba, 8 ga Mayu, da hantsi

Masu jaje sun cika gida. Kowa ya shigo sai ya ce Allah ya tsare gaba, sannan ya gyara zama ya tambayi yadda aka yi. Ina ba su wanda zan iya bayarwa.

Da ba don shekarun nan ba, wa zai ga matan garinmu a sito? Gero ya ƙare a rumbuna tun kafin azumi, na kasuwa kuma ya fi ƙarfin kowa, shi ne mazan suka haƙura suka bar mu muka fita tsintar zoɓo. Sito ne dogo, ƙofa ɗaya a yamma. Muna zaune a tsakiya muna cire tsakuwa da kara, 'yan dako na jira a waje su loda wa motar Dawanau. Zafin ciki kuwa sai wanda ya shiga. Da an turo ƙofa muke tuɓe hijabai, mu yi ɗaurin ƙirji, mu ɗaure hanci da kallabi saboda ƙurar zoɓo. Hijaban muna rataye su can ƙurya, a bangon gabas, inda idon namiji ba ya kaiwa ko an buɗe ƙofa. Ni na zaɓi wurin. Ni na sa aka kafa ƙusoshin, kowace mace da tata. A bayan bangon nan ɗakin inji yake.

Ƙararrawar gobara kuwa, masu sayen zoɓon ne suka ce sai Alhaji ya sa. Wata jar aba ce a jikin bango, ba ta fi murfin kwanon miya ba, amma idan ta buɗe baki sai ka ji har cikin haƙori. Sau uku tana mana ihu a banza, ƙura ce kawai ke shiga hancinta. Duk sanda ta yi, sai mu ruga ƙurya, mu zura hijabi, mu fito mu tsaya a rana, 'yan dako na ƙunshe dariya. Ni na raɗa mata suna Hajiya Matsoraciya. A na ukun na ce, "Daga yau kada wadda ta sake tashi sai ta ga wuta da idonta." Aka yi ta shewa.

Ran Litinin da ta fara, na ɗaga murya na ce, "Ku zauna, ta saba." Wannan kowa ya ji, kuma na faɗa wa duk wanda ya tambaya. Ba wannan maganar ce ke hana ni cin abinci ba.

Alhamis, 9 ga Mayu, bayan La'asar

Abu ɗaya nake so in rubuta kafin bakin mutane ya ƙara masa gishiri.

Da hayaƙi ya fara turowa ta saman bangon gabas, dukkanmu muka miƙe, amma ba ƙofa muka nufa ba. Wajen hijabai muka yi, wajen wutar ke nan. Har da ni. Ƙafa ce ta saba. Yaya Kulu ce, tsohuwar da ko rabin buhu ba ta iya ja, ta tare mu da tsintsiya tana zabga wa duk wadda ta samu. "Ku juya, 'yan banza! Ƙofa! Ƙofa!" Muka juya, muka taru a bakin ƙofa, muka cije. Ƙofa a buɗe, ga rana ga iska, amma ga maza sun fi ashirin a tsaye, mu kuma daga mu sai ɗaurin ƙirji. Wallahi wuta na bayanmu aka rasa wadda za ta fara taka waje.

Sai muka ji muryar Dabo, sarkin 'yan dako. "Kowa ya juya baya! Fuska ga katanga! Duk wanda ya waiwayo, Allah ya isa!" Sannan ya ce, "Iyayenmu, ku fito, ba mai ganinku."

Na ga abin da ban taɓa gani ba. Ƙarti ashirin da wani abu, waɗanda kullum nake cewa idonsu ya fi hannunsu aiki, sun jera a jikin katanga kamar sahun salla, goshi a jikin bulo. Kwanon rufi na fashewa, zafi na dukan bayansu, ko ɗaya bai motsa wuya ba. Muka wuce ta bayansu. Allah mai iko! Ashe a cikin yaran nan ya ajiye wannan, ni kuwa tun kaka nake zaginsu.

Shi ya sa babu namijin da ya ga abin da ya biyo baya. Matan kuma kowa tana ta kanta.

Juma'a, 10 ga Mayu, bayan Magariba

Na zo jinya. Ba ta buɗe ido ba.

Asabar, 11 ga Mayu, da safe

Ba ta buɗe ido ba. Akwai wani inji a gefen gadonta mai yin ɗan kuka lokaci-lokaci. Duk sanda ya yi sai in ga na miƙe tsaye, mata na kallona.

Hannunta na dama a naɗe yake har gwiwa. Nas ɗin ta ce ranar da aka kawo ta da ƙyar aka ɓamɓare yatsunta, ta damƙe wani abu ta ƙi saki. Ban tambayi mene ne ba. Na ce zan je in yi alwala.

Litinin, 13 ga Mayu, da Azahar

Sati guda ke nan. Na dawo gida, uwarta ta karɓe ni.

Wani ɗan kwana-kwana ya zo daga birni, an tara mu a ƙofar gidan mai gari. An tambaye shi me ya ta da wutar. Wasu na cewa janareta, wasu na cewa waya ce ta haɗu. Ya ce shi ma bai sani ba tukuna, wataƙila ma ba za a sani ba. Amma ya faɗi wata magana da ta zauna mini.

Ya dube ni ya ce, "Mama, daga sanda ƙararrawa ta fara ihu zuwa sanda hayaƙi ya rufe ƙofa, a ƙiyasinmu bai wuce minti huɗu ba. Minti huɗun nan kyauta ce aka ba ku. Don ita aka yi na'urar."

Bakina da ba ya mutuwa na ce, "Yallaɓai, ai sau uku tana mana ƙarya."

Ya ce, "Ko sau ɗari ta yi, ku fita sau ɗari. Rana ce kawai za ta dake ku."

Da na dawo na ari wayar maƙwabta na sa a gaba ina kallon lokaci. Alwalata minti uku ce. Daga ƙofar gida zuwa rijiya huɗu ne cif. Zoɓon ƙauyuka bakwai, wanda aka shuka tun damina, aka yi masa noma, aka tsinke da hannu ƙaya na suka, aka shanya, aka ɗauko a jaki da kura, duk a tsakanin gida da rijiya ya zama hayaƙi. Kuma a cikin wannan ɗan lokacin mata talatin suka fita da ransu. Ban san minti huɗu na da girma haka ba, ban kuma san yana da ƙanƙanta haka ba. Subhanallahi. Biyu daga ciki ni na cinye su da bakina.

Laraba, 15 ga Mayu, da hantsi

Yaya Kulu ta zo ta ce in raka ta mu ga kangon. Na ce ƙafata na ciwo. Ta ce tata ta fi tawa tsufa.

Kwanon rufi ya nannaɗe kamar tabarma. Ƙarfen sikeli ya lanƙwashe. Jar abar nan ta narke ta zubo a jikin bango, ko kamanninta babu. Yaran Dabo sun ce tana ihu har sai da wuta ta cinye ta, muryar na ƙanƙancewa tana yi. Na tsaya a gabanta. Ni da na sa mata suna.

Bangon gabas na tsaye. Ƙusoshina na nan a jere, talatin da ɗaya, ko ɗaya ba ta faɗi ba. Yadin hijaban yanzu roba ne, ba ya toka, narkewa yake. A ƙarƙashin kowace ƙusa akwai baƙin abu da ya tsiyayo ya daskare kamar kwalta.

Yaya Kulu ta bi su da sandarta ɗaya bayan ɗaya. Ta nuna ƙusa ta tara ta ce, "Wannan ta Zuliha ce, ga nata nan ya narke." Ta ci gaba har ƙarshen layi, ta tsaya. Ta farko daga kudu, babu baƙi a ƙarƙashinta, bango fes.

Ta ce, "Barira, wannan ta wace ce?"

Na ce rana ta yi zafi, mu tafi.

Alhamis, 16 ga Mayu, bayan Asuba

An yi hadari ta gabas ya watse. Ba ta buɗe ido ba.

Juma'a, 17 ga Mayu, bayan La'asar

Na je barkar haihuwa a unguwar gabas, da na sani ban je ba. Maganar Zuliha ake. Wata ta ce ai ta gan ta a waje da idonta, lafiya lau, to me ya mayar da ita? Wata ta ce, "Hijabin Sallarta ne, sabo fil. 'Yan matan yanzu ai a kan tsumma sai su ba da rai." Wata ta ce ga Dabo can da ƙuna a kafaɗa, ya shiga ya ɗauko ta, duk saboda wautar yarinya.

Ina zaune. Ni Barira, da ko kaza ta yi tari a garin nan sai na ba ta amsa, ina zaune ina murza bakin mayafi. Yaya Kulu na can gefe tana kallona, ba ta ko ƙifta ido.

Lahadi, 19 ga Mayu, da Azahar

Ɗanliti ya zo ɗaukar kaya. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Ya ajiye mini baƙar leda, ya ce kayan da aka cire mata ne ranar, nas ta ba shi, in wanke.

Ya zauna a bakin turmi ya ce, "Inna, ni abin da ke ci mini rai, ta fito fa. Allah ya fitar da ita. Ta koma saboda ƙyalle. Ba ta tuna ni ba, ba ta tuna kowa ba. Idan na zauna a gabanta ina yi mata addu'a, sai in ji haushinta ya taso mini, in rasa yadda zan yi da kaina."

Na ce ya sha ruwa. Ya sha, ya tafi.

Ledar na nan a bayan ƙofa.

Litinin, 20 ga Mayu, da hantsi

Na buɗe. Zaninta ne, da hijabi ruwan ƙasa, babba, mai ɗinkin hannu a wuya inda ya taɓa yagewa. Ni na ɗinke shi da baƙin zare don ban sami ruwan ƙasa ba.

To bari in rubuta, tunda takarda ba ta da ido.

Da muka fito, kallabina ya faɗi a turmutsutsu. Ranar kuma na tsefe kaina ban sami kitso ba. Na tsaya a filin Allah, furfura a tsaye, kafaɗa a waje. Tun da aka kai ni ɗakin miji ina 'yar sha biyar, babu namijin da ya ga kaina sai marigayi. Maza duk sun juya baya, na gani da idona, babu mai kallona. Amma na ɗora hannu a ka na ce, "Wayyo ni, hijabina! Wayyo tsiraicina!"

Zuliha na kusa da ni. Yarinyar da ko tari na yi sai ta kawo ruwa. Shekara huɗu a gidan nan ban taɓa cewa ina son abu sau biyu ba. Ta ce, "Inna, bari in ɗauko miki." Ta saki hannuna.

Ina iya riƙe ta. Tsakanin hannuna da zaninta bai fi taki ɗaya ba. Abin da ya zo mini a rai a lokacin, Allah na gani, shi ne yarinya ce, tana da sauri. Sai da na ga hayaƙi ya rufe ƙofa sannan na kurma ihu na kira Dabo.

Ta wuce nata a ƙusa ta tara. Ta je har ƙarshe ta ciro nawa.

Talata, 21 ga Mayu, bayan Magariba

Na je birni na same shi a barandar asibiti. Na miƙa masa hijabin na ce ya duba da kyau. Ya juya shi, ya ga baƙin zaren. Na faɗa masa duka, har da abin da ya zo mini a rai.

Sannan ya ce, "Inna, sati biyu kina ji ina zaginta."

Na ce, "Ina ji."

Ya tashi ya shiga ɗakin. Ta taga na gan shi ya durƙusa a gefen gado ya kifa goshi a kan ƙafarta, kafaɗunsa na rawa. Ban shiga ba. Bai yi mini sallama ba da zan tafi, kuma ban ga laifinsa ba.

Alhamis, 23 ga Mayu, da safe

Ta buɗe ido! Ɗanliti ne ya bugo wa maƙwabta ya ce a faɗa wa Inna. A faɗa wa Inna, ya ce. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Asabar, 25 ga Mayu, da Azahar

Tana kallo, tana bin mutum da ido, amma ba ta magana. Likita ya ce zafi ya taɓa maƙogwaro, muryar za ta iya dawowa, za ta iya ƙin dawowa. Da na shiga ta tsura mini ido, leɓenta na motsi. Na kasa tsayawa.

Litinin, 27 ga Mayu, bayan La'asar

Alhaji Yuguda ya ari wani sito a hanyar Kunci, da ɗan zoɓon da ya rage a ƙauyuka. Mun koma, don ciki bai san an yi gobara ba. An sa sabuwar ƙararrawa, an fasa ƙofa ta biyu.

Kafin a zauna na ce a tsaya, a kira su Dabo su matso bakin ƙofa su ma su ji. Na faɗi wadda ta aiki Zuliha cikin wuta. Na ce duk wadda ta kai waccan maganar wani gida, ta koma ta kai wannan. Yaya Kulu ce kawai ta ce, "To, yanzu kika yi magana."

Na karɓi guduma a hannun Dabo na kafa ƙusoshi da kaina a jikin ƙofa, daidai kafaɗa. Na ce wadda hannunta ya kai ta fizga tana tafiya, wadda bai kai ba ta wuce. Dabo ya ce, "Inna Barira, mu dai namu mun sani. Da ta yi kuka, katanga."

Wajen sha biyu mai gyaran da ya sa sabuwar ƙararrawar ya gwada ta bai gaya wa kowa ba. Na miƙe, ban kalli ƙusa ba, na fita. Rana ta sauka a tsakar kaina. Na juya na ga mata na bin bayana, wasu da hijabi a hannu, wasu babu, ga maza a jere fuska ga katanga. Mai gyaran ya ce ko minti ɗaya ba mu cika ba. Na tsaya a ranar ina kuka, ba wadda ta yi dariya.

Alhamis, 30 ga Mayu, bayan La'asar

An yi ruwan farko jiya, garin ya fita shuka. Ni na taho birni. Na sa hijabin ruwan ƙasa, na wanke shi, akwai huda uku a gefe inda wuta ta lasa.

Ɗakin cike yake, lokacin dubiya ne. Ga likita da ɗalibansa, ga mazan wasu, ga Ɗanliti a tsaye. An cire mata robar. Na zauna a bakin gado. Ta kalli fuskata, ta kalli hijabin, ta ɗaga hannun mai lafiya ta taɓa bakinsa. Leɓenta ya motsa. Na kai kunne.

Muryar kamar ana jan kara a ƙasa. Ta ce, "Inna... ya iso?"

Kwana ashirin da huɗu, abin da ta riƙe ke nan.

Na ce, "Ya iso, 'yar nan."

Sai na miƙe na cire shi a gaban kowa, na cire kallabin ma. Na sunkuya na ɗauki hannunta na ɗora a kaina. Na ce, "Taɓa ki ji. Ga abin da kika shiga wuta ki rufe. Furfura ce kawai, Zuliha. Ki yafe mini."

Ban san ko mazan sun kalla ba, ban duba ba. Yatsunta na yawo a cikin gashina a hankali. Ta yi kamar za ta yi dariya, tari ya kama ta. Da ya lafa ta ce, "Ruwa."

Ni na tashi na kawo mata.